Ajin samarin unguwarmu masu neman shiga soja

Asabar, 4 ga Janairu 2025

To Alhamdulillahi yau dai an fara. Tun da na aje kaki bara nake ta cewa zan yi zan yi, har uwargida ta gaji ta ce Samanja kai dai ko ka yi ko ka bar mu mu huta da wanga zance. Yara goma sha huɗu sunka zo, ni da na yi zaton ba za su wuce biyar ba saboda sanyin nan, ƙarfe shida saura kwata na isko su bakin filin firamaren unguwarmu nan Badariya, Birnin Kebbi, kowa hannu cikin hammata, hazo ko darbejiyar ƙarshen fili ba ka gani.

Abin da na fara gaya musu shi ne ni ba ni ba da aiki, ba ni da gurbi ko ɗaya kuma ban san mai ba da shi ba. Sai na ga fuskar wasu ta faɗi. Na ɗauko gawayi na ja layi jikin bango daidai mita 1.68, don shi ne tsawon da ake nema ga namiji, mace 1.65, shekaru 18 zuwa 22 in ba mai sana'a ba ne, ga takardar sakandare da Turanci a ciki. Kowa ya jingina. Biyu ba su kai ba, ɗaya ya tafi ko sallama babu, ɗayan ya ce Baba ni dai ka bar ni in riƙa zuwa ko agogo in riƙe muku. Na ba shi agogon da usur.

Gudu da fareti da tsallen kwaɗo ba su ne damuwata ba, wata shida na Daffon Zariya zai koya musu wannan ko suna so ko ba su so, wurin nan tun 1924 yake maida ɗan ƙauye soja kuma ni ma can anka gasa ni a 1989. Abin da nake so su tafi da shi uku ne: yadda ake riƙon mutane, abin da ke tsai da mutum in wuya ta kai wuya, da kuma aiki da kai. Na ukun shi ne wanda ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, sai da na ga gawa.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun yi gudu kan hanyar Ambursa mun dawo, ana shan kunu na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kai mi ya sa kake son soja. Na farko ya miƙe ya ce don in kare ƙasata Najeriya, na ce zauna wannan amsar ka aje ta ranar tantancewa, ni gaskiya nake so. Sai dariya, daga nan baki ya buɗe. Albashi. Kaki, wai 'yan mata na so. Wani ya ce shekara uku da gama makaranta yana tura baro a tsohuwar kasuwa ya gaji. Wani wansa soja ne ya gina ma tsohuwarsu ɗaki da kwano. Ni ban ga laifin ko ɗaya ba, ni ma yunwa ta kai ni ba kishin ƙasa ba, kishin daga baya ya same ni a hanya.

Amma na ce musu albashi zai kai ka bakin ƙofar Daffo, ba zai hana ka tsallake waya cikin mako na uku ba lokacin da ƙafarka ta yi ruwa cikin takalmi kuma wani kofur da bai kai wanka ba yana zagin ka tun asuba. Abin da ke riƙe mutum wurin nan yawanci ƙarami ne, kunyar ka dawo gari a ce ga shi nan ya gudo, da kuma wanda ke kwana gadon kusa da naka wanda ba ka so ka bar shi shi kaɗai.

Na kuma ba su labarin Kanta tunda duk Kabawa ne suna tinƙaho da shi. Muhammadu Kanta ai cikin rundunar Askiya Muhammadu na Songhai ya yi yaƙin Agadas, wajen 1516 sunka raba gari, kuma ba kan komai ba sai kan rabon ganima, ya ga an ci da guminsa ya janye mutanensa, daga nan ne Kabi ta tsaya da ƙafarta har anka gina Surame. Wato babban sarki kamar Askiya ya rasa jarumi irin Kanta saboda rabo. Na ce ranar da anka ba ɗayanku igiya ɗaya ta muƙami a hannu aka ce raba ma mutum tara ruwa jarka guda, ya tuna da wannan.

Akwai yaro ɗaya ɗan wajen Wasagu da ke zaune wurin kawunsa nan, da na zo kansa ya ce ba komai Baba. Na ce ba komai ba dalili ba ne. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, na wuce shi.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba aji yau, ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Na zauna gida ina tuna kofur ɗinmu na Laberiya. Oktoban 1992 lokacin da 'yan tawayen Charles Taylor sunka afka ma Monrobiya muna wani shinge kwana da kwanaki abinci sai an ga dama, in shinkafa ta iso shi yake rabawa da murfin kwano kuma sai kowa ya ɗauka sannan ya kankare gindin tukunya. Bai iya dogon Turanci ba, ban taɓa jin ya yi mana wa'azin jarumta ba, amma in ya ce tashi ba ka tsayawa neman dalili. Allah ya jiƙansa.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ne na ji daɗin aikin nan. Na ja layi biyu a ƙasa tsakaninsu taki goma sha biyu na ce wannan gulbi ne akwai kada, na ba su durom biyu da katako biyu da igiya da wani buhun yashi na ce wannan ɗan'uwanku ne da anka harba a ƙafa, minti ashirin ku ƙetare da shi, wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya mutu. Na naɗa Dogo kwamanda, don gaskiya tun ranar farko shi idona ya kama, ga tsawo ga murya ga shi kullum gaba wurin gudu.

Dogo ko numfashi bai yi ba ya fara ihu, kai ɗauko wancan kai tura wannan, shi da kansa ya haye katako ya ƙetare tukuna yana can tsallake yana ta kiran su ragwaye. Minti tara mutum huɗu sun mutu, durom ɗaya ya mirgine tsakiyar gulbi ba mai iya kai hannu, buhun yashin kuwa yana nan inda na aje shi ba wanda ya tuna da shi. Mai agogo ya busa usur yana dariya har da riƙe ciki.

Zagaye na biyu na ba wani siriri da ba ya magana, ɗan tela ne, ban ma riƙe fuskarsa sosai ba sai yau. Yaron nan ya ci minti huɗu cur bai taɓa komai ba, ya auna katakon da ƙafarsa, ya auna gulbin daga gefe, ya tambaye ni Baba an yarda a ɗaure katako biyu su zama ɗaya, na ce ban hana ba. Ya tara su ya ce wane kai ne mai nauyi kai za ka danne wutsiyar katako, wane da wane ku ne da majinyaci, ni ne na ƙarshe. Sun ƙetare saura minti biyu, mutum ɗaya kawai ya faɗa.

Bayan nan na kai su bayan gidan mai ƙosai na nuna musu murhu. A makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila da'ira uku suke zanawa masu shiga cikin juna, mu ma haka anka zana mana a kwas ɗin saje, aiki da rukuni da mutum ɗaya, amma ni duwatsun murhu sun fi min. Dutse ɗaya aikin da anka ba ka, ɗaya jama'arka a dunƙule, ɗaya kowane mutum shi kaɗai da damuwarsa. Na ce Dogo cire ɗaya mu gani. Mai ƙosai ta ce wallahi Samanja in kunka zubar min da mai sai kun biya. Dogo dai bai yi dariya ba, ya tafi gida yana cin magani, ban sani ba ko zai dawo.

Asabar, 25 ga Janairu

Mutum bakwai kawai. Dashen shinkafar rani ya kankama a fadama, iyaye sun janye yaransu, ba ni da ta cewa don ni ma da na ga kuɗin man injin ban ruwa sai da na yi salati. Mun yi gudu kaɗan mun watse. Dogo ya zo, shi ya fara isowa ma.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Darasin kai. Na jera su goma sha ɗaya nesa da juna na raɗa ma na farko: mutum uku kan babur biyu sun wuce gada da hantsi sun yi gabas ɗaya na ɗauke da wani abu dogo cikin buhu. Kafin magana ta kai na ƙarshe ta koma wai 'yan bindiga talatin sun tare gada. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya fa, kowa dai ya ɗan ƙara gishiri ya cike inda bai ji ba da abin da ke cikin ransa, kuma abin da ke cikin ran kowa yanzu a Kebbi an san shi, tun da zancen Lakurawa ya tashi ƙarshen bara ko tayar mota ta fashe sai ka ga an rufe shaguna.

Sai na kafa musu doka, daga yau duk wanda zai kawo min labari sai ya fara da ɗaya cikin uku: na gani, ko an gaya min, ko ina zato. Kuma rahoto yana da ƙafafu, su wa, su nawa, ina, yaushe, suna yin mi, sun nufi ina. Abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba, wannan ba abin kunya ba ne a soja, abin kunya shi ne ka sa a tura mota biyu cike da mutane inda ba kowa a bar inda ake bukatarsu. Na ga wannan da idona, wani ƙaramin hafsa da ba zan faɗi sunansa ko wurin ba ya ɗauki maganar mutum ɗaya da ya shigo a guje bai tambaye shi ko kai ka gani ba, munka kwashi jiki munka tafi, kafin mu dawo an shiga ta bayanmu. Mutum biyu munka rasa ranar.

Ɗan tela ya tambaye ni to Baba in ana harbi ina lokacin wannan tambayoyin. Tambaya mai kyau. Na ce akwai wani kanar na sojan saman Amurka John Boyd da ya tsara abin kamar zobe, ka duba, ka gane inda kake, ka yanke, ka aikata, ka sake dubawa, kuma wanda zobensa ya fi saurin juyawa shi ke cin wani. Ba a ce ka zauna kana tunani kamar mai lissafin gado ba. Ana maimaita shi ne a fili irin wannan har ya zama jiki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Raina a ɓace yake yau. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya same ni bayan la'asar da wayarsa a hannu, wai wani a WhatsApp mai hoton kaki ya ce shi babba ne a Abuja yana da gurbi uku na Kebbi, a tura dubu ɗari da hamsin, ya riga ya tura hamsin, tunkiya biyu ya sayar. Ya zo ne in duba masa takardar da anka turo. Takarda ga tambari ga komai, amma ko sunan rundunar ba su rubuta daidai ba kuma asusun da anka tura kuɗin na wani mutum ne can daban. Na ce Alhaji fom ɗin soja kyauta ne, a shafin rundunar ake cikewa, kuɗin kafe kawai za ka biya. Munka kira lambar a gabansa na yi magana irin ta bariki na tambaye shi lambarsa ta aiki da inda yake, ya kashe, har yanzu ba ta shiga.

Abin da ya fi ƙona min rai yaron yana wurin darasin makon jiya, kuma ya san da maganar tun kafin a tura. Na ce kai ba ka tambaya ba, ka gani ko an gaya maka? Ya ce Baba ya zan yi in tambayi babana. Nan na yi shiru don ban da amsa a shirye. Mu ne muka tarbiyyantar da su kan cewa yaro ba ya tambayar babba, yanzu kuma ina so cikin Asabar biyar su koyi tambaya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wani abokin aikina da munka yi ritaya tare, mutumin Zuru, ya biyo ta nan ya zo karɓar wasu takardu, na ba shi labarin ajin ina jiran yabo sai ya ce Samanja kana ɓata yaran nan. Wai kurtu da tambaya ba su haɗuwa, ranar da ɗayansu ya ce ma kofur ka gani ko an gaya maka sai ya kwana yana gwale-gwale. Mutanen Zuru kuwa in ana zancen soja sai a saurara musu, gidan da ba soja can ƙidaya ne, har shugaban sojan ƙasa sun fitar, Janar Ishaya Bamaiyi. Mun yi ta musu har shayi ya huce.

Yana da gaskiya rabi. A Daffo ba a tambaya, kuma dalili ne, ana so jikinka ya riƙa amsa oda kafin tsoro ya samu wurin shiga. Zan gaya ma yaran wannan ƙarara kada su je su ja ma kansu. Amma kurtu ba ya dawwama kurtu. Shekara kaɗan ne zai ga kansa da igiya, mutum tara a bayansa cikin daji tsakanin Zamfara da Neja, oba-oba ta mutu, laftanan yana nesa, odar da anka ba shi da safe kuma ba ta dace da abin da ke gabansa da yamma ba. Ranar nan in bai san dalilin odar ba, abin da kwamanda ke so a cimma, to ko ya tsaya kamar gunki ko ya yi ɓarna. Abokina ya ce to ai lokacin sai ya koya. Na ce da kuɗin wa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Makon jiya ban rubuta ba don kunya. Ga abin da ya faru, igiyarmu ta ɓace, wani ya ce min ɗan Wasagu ne ya tafi da ita, ni kuwa ban tambayi kowa komai ba na sa shi tsallen kwaɗo zagaye biyu gaban kowa. Bai ce uffan ba ya yi. Da yamma uwargida ta fito da igiyar daga bayan babur ɗina, ni na ɗaure buhu da ita ranar Alhamis na manta.

To dama na koya musu zaman bita da muke yi bayan kowane aiki, wanda sojan Amurka sunka fito da shi bayan Biyetnam, tambaya huɗu ce, mi anka shirya yi, mi ya faru, mi ya sa, mi za a gyara, kuma a zaman nan ba girma ba igiya. Yau na zaunar da su na aje igiyar tsakiya na ce a yi bitar makon jiya. Shiru. Sai Dogo, shi da na ɗauka murya ce kawai gare shi, ya ce Baba an gaya maka ne ba ka gani ba. Wallahi sai da na ji zafi har cikin kunne, shekara talatin da biyar ba ƙaramin da ya taɓa gaya min haka, na haɗiye na ce haka ne. Na juya na ba yaron haƙuri gabansu kamar yadda na hukunta shi gabansu.

Bayan an watse shi bai tafi ba, ya taya ni ɗaukar durom, muna tafe ya ce Baba ka tambaye ni rannan. Shekara biyu da sunka wuce anka shiga ƙauyensu da dare, babansa da wansa, a gabansa. Ya ce shi bindiga kawai yake so a ba shi. Mun zauna kan durom ɗin har rana ta yi zafi. Ban ce masa ya manta ba, wa ya isa. Na gaya masa dai abin da na sani, bindigar ba tasa ba ce, ba zai zaɓi inda za a tura shi ba, ana iya kai shi Borno ko Filato ya shekara biyar bai ga dajin Wasagu ba. Kuma akwai doka, yarjejeniyar Janiba ta 1949 da dokokin rundunar kanta, wanda ya aje makami ya ɗaga hannu ba a taɓa shi, ƙauyen da ake zargi ba a ƙona shi, ko hafsa ne ya ce ka yi kana iya tsayawa gaban kotun soja kai da shi. Na ce na ga masu shigowa da irin wutar da ke cikinka, wasu sun zama sojan kirki don ba su son wani yaro ya ga abin da sunka gani, wasu kuma sai da munka karɓe bindiga hannunsu. Ya ce to ya ake gane wanda mutum zai zama. Na ce ban sani ba, ka ci gaba da zuwa dai.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Azumi jibi ko gata in an ga wata, gudun safe ya tsaya, za mu koma bayan tarawi awa ɗaya a zauren gidana. Na samo tsohon kamfas da taswirar Kebbi za mu fara karatun taswira, kuma ina so in ba su yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 su warware da kansu, yadda Shehu Abdullahi na Gwandu da 'yan baka da dawaki ƙalilan sunka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da lifidi, in ga ko za su wuce cewa ikon Allah ne kawai su tambayi ina ruwa yake, wa ya riga isa, wa ya zaɓi fili.

Saura goma sha ɗaya da mai agogo. Na raba su gida biyu, ɗan tela da rukuninsa, ɗayan kuma na yi ta jujjuyawa tsakanin Dogo da ɗan Wasagu daga ƙarshe na ba ɗan Wasagu, Dogo mataimakinsa, zan ga yadda za su kwashe. Katako ɗaya ya tsage ana bukatar wani, kuma har yanzu ina bin mahaifin yaron nan mu je mu kai ƙarar dubu hamsin ɗinsa ya ƙi, wai kunya yake ji a ji.